Darasi: Gane Ƙarar Birkin Babbar Mota da Gyaranta

Manufofin darasi

A ƙarshen wannan darasi, ana so mai karatu ya iya:

1. bayyana yadda birkin iska ke tsayar da babbar mota;
2. bambance ƙarar da ba ta da illa da wadda ke nufin a faka mota nan take;
3. gano tayar da ƙara ke fitowa, da auna kaurin lainin, da gwada zubar iska;
4. sanin gyaran da direba da yaron mota za su iya yi, da wanda sai bakanike.

Shimfiɗa

Duk wanda ya taɓa tsayawa a Kwanar Ɗangora da kaka ya ga yadda manyan motoci ke fitowa daga hanyar Tudun Wada, maƙare da masara da shinkafa da rake, suna rage gudu za su hau titin Kano. Wata sai ta tsaya salin-alin, ɗan hucin iska kawai za ka ji. Wata kuwa tun daga nesa kukan birkinta ke sanar da isowarta. Masu talla sun saba, direbobi da yawa ma sun saba, har ka ji wani ya ce, "Ai haka take." To, ba haka aka ƙero ta ba. Duk birkin da ya canza murya, akwai abin da ya canza a cikinsa, kuma aikinmu a wannan darasi shi ne mu gano abin kafin a kashe ko kwabo.

1. Yadda birkin iska ke aiki

Ƙananan motoci da man birki suke tsayawa. Manya irin su DAF da MAN da Howo da Mack kuwa da iska. Wani Ba'amurke mai suna George Westinghouse ne ya yi rajistar wannan dabara a 1869 domin jirgin ƙasa, daga baya ta shigo manyan motoci.

Inji yana juya kwamfiresa, ita kuma tana cusa iska cikin tankuna. Idan direba ya taka birki, iskar takan bi tiyo ta shiga cemba da ke kusa da kowace taya, ta turo wata 'yar sanda waje. Sandar ta tura ajasta, ajasta ta murɗa kam, kam ta buɗe shu guda biyu, su danne cikin dirom da ke juyawa tare da taya. Da ya ɗaga ƙafa, iska ta fita, sifirin ya janyo shu su koma mazauninsu.

> Akwatin kalmomi (1)
> Dirom: ƙarfe mai siffar kwano da ke juyawa tare da taya.
> Shu: lanƙwasassun ƙarafa biyu da ke cikin dirom.
> Lainin: abin da ake ɗaurewa a bayan shu da ribit, shi ke gogar dirom, shi ke cinyewa.
> Cemba: gwangwanin da ke karɓar iska ya turo sanda.
> Ajasta: hannun da ke haɗa sandar cemba da kam, da shi ake saita birki.
> Kam: ƙarfe mai siffar harafin S da ke buɗe shu.

Abu guda ya kamata ya zauna a ka tun yanzu: birki yana mayar da gudun mota zafi ne. Idan nauyi ya ninka biyu, zafin ya ninka biyu. Idan gudu ya ninka biyu, zafin ya ninka huɗu.

*Misali na farko.* A ce tifa tana da nauyin tan 15 babu kaya, ta tsaya daga gudun kilomita 30 a awa. An loda mata yashi ta kai tan 30, direba kuma ya kai ta kilomita 60. Nauyi ya kawo ninki 2, gudu ya kawo ninki 4. Idan aka lissafa 2 sau 4, an samu 8. Wato zafin da lainin ɗin zai sha a wannan tsayuwa ya ninka na farko sau takwas, alhali lainin ɗin bai ƙara kauri ba. Yawancin ƙarar da za mu tattauna daga nan take samo asali.

2. Kowace ƙara da abin da take faɗa

*Ƙara mai tsini, "kiiii".* Ita ce aka fi ji, ita ce kuma ta fi ruɗarwa, domin dalilanta sun fi ɗaya. Idan mota ta kwana a ruwan sama, kamar yadda ake yi da damina a ƙasar Doguwa, ɗan tsatsa yakan hau cikin dirom. Da safe za ta yi kuka a taku biyu ko uku na farko, sannan ta yi shiru. Wannan ba abin damuwa ba ne. Na biyu ita ce ƙura. Tun da aka kammala madatsar ruwa ta Tiga a ƙasar Bebeji a 1974, noman rani ya sa motoci shiga hanyoyin gona a daidai lokacin da ƙasa ta fi bushewa. Jar ƙura da yashi su shiga dirom, su haɗu da garin lainin, su yi ta kuka. Na uku, wanda ya fi muni, shi ne ƙonewar fuskar lainin. Zafi ya yi yawa, fuskar ta taurare ta yi sulɓi tana sheƙi. Irin wannan lainin yana kuka, kuma ba ya kamawa sosai, ko da kuwa da sauran kaurinsa.

*Gurza, "gurrr", ƙarfe kan ƙarfe.* Lainin ya ƙare, kawunan ribit ko shu ɗin kansa sun fara cin dirom. Babu batun "bari mu ƙarasa Dawanau mu sauke". A nemi wuri a faka. Kowane taku da aka ƙara, dirom ake sassaƙewa, kuma dirom ya fi lainin tsada nesa ba kusa ba.

*Ƙwanƙwasa, "ƙwas", sau ɗaya a duk taku.* Wani abu ya yi sako-sako: ko sifirin ya karye, ko bushin kam ya cinye, ko fil ɗin da ke riƙe shu ya saki. A wasu lokuta ma notin taya ne suka kwance, don haka da su ake fara dubawa.

*Karkarwa.* Direba ya taka, motar ta riƙa kamawa tana saki, sitiyari na rawa a hannunsa. Dirom ya goce daga da'irarsa, ko ya tsattsage saboda zafi.

*Huci, "tssss".* Ɗan gajeren huci idan an ɗaga ƙafa daga birki, ko idan tanki ya cika, lafiya ce. Hucin da ba ya yankewa kuwa iska ce ke zuba.

Akwai kuma ƙarar da ake ɗora wa birki laifinta alhali ba ruwansa: gurnanin da ke ƙaruwa da gudu, ko an taka ko ba a taka ba, wanda ke sauya murya idan an sha kwana. Wannan boris ne. Ba ƙaramin abu ba ne shi ma, domin boris in ya watse taya na iya fita.

> Akwatin kalmomi (2)
> Ƙonewar lainin: taurarewa da sheƙin fuskar lainin saboda zafi.
> Riƙewar birki: shu su ƙi sakin dirom bayan an ɗaga ƙafa.
> Boris: ƙwallaye ko sandunan ƙarfe da taya ke juyawa a kansu.
> Sil: zoben roba da ke hana mai ko giris zubowa cikin dirom.

3. Gano inda ciwon yake

Bakanike nagari yakan fara da tambaya kafin ya ɗauki sifana. Yaushe ƙarar ke zuwa, da safe kawai ko bayan doguwar tafiya? Da kaya ko babu kaya? A taku mai sauƙi ko mai ƙarfi? Motar tana ja gefe guda? Amsoshin nan kan rage rabin aiki.

Bayan tambaya sai saurare. A sami fili mai faɗi, mutum ɗaya ya tsaya gefe nesa da taya, direba ya taho a hankali ya taka. A juyo a sake ta ɗaya gefen. Sannan a zagaya tayoyin, ana kusantar da bayan hannu ga kowane dirom ba tare da an taɓa ba, domin dirom mai zafi yana ɗaye fata. Duk su yi ɗumi kusan daidai. Wanda ya fi sauran zafi ƙwarai, yana wari, birkinsa yana riƙewa. Wanda ya yi sanyi ƙalau bayan an sha taka birki kuwa ba ya aiki, 'yan'uwansa ne ke ɗauke masa nauyi. Mutane sukan manta da wannan na biyun, saboda shi ba ya kuka.

*Misali na biyu.* A ce direba ya ɗauko masara daga Doguwa, ya ratso dajin Falgore, ya tsaya a Tudun Wada saboda kukan da ke tashi ta baya. Yaron mota ya sa waigi, ya zagaya.

"Oga, ta baya ta hannun hagu ce. Zafi kamar me, har wari take."

"Ta daman fa?"

"Ita sanyi ƙalau, Oga."

"To leƙa ka ga sandar cembarta in na taka."

Yaron ya leƙa ya ga sandar ta dama ta fito har ƙarshenta, ta hagu kuwa kaɗan ta fito ta tsaya. Ga amsa ta bayyana. Tayar hagu ce ke kuka, amma laifin na dama ne: ajastarta ta saki, birkinta ba ya kamawa, ta hagu ita kaɗai ke tsayar da wannan layin tayoyi har lainin ɗinta ya ƙone. Da an canza lainin hagu kawai an tafi, da ba a jima ba ƙarar ta dawo.

Ana auna fitowar sandar cemba da rula. Ga cemba mai lamba 30 ta gama-gari, wadda ake yawan samu a tayoyin baya, kada fitowar ta wuce inci 2, wato kimanin milimita 51, idan an taka birki sosai.

Kaurin lainin shi ma da rula ake ganinsa, ta 'yar kafar da ke bayan dirom ko bayan an cire murfin ƙura. Idan ya sauko milimita 6 da ɗan ɗoriya, wato rubu'in inci, lokacin canji ya yi. Wasu sababbin motoci faifai gare su a madadin dirom. Nasu fad ɗin iyakarsa kimanin milimita 3.

Gwajin zubar iska ba ya buƙatar komai sai agogo:

1. A sa waigi gaba da bayan taya, a bar inji ya cika tanki.
2. A kashe inji, a saki birkin fakin.
3. A taka birki a riƙe, a jira allurar agogon iska ta zauna.
4. A ƙirga minti ɗaya ana kallon allurar.

Ƙa'idar da ake koya wa direbobin manyan motoci a Amurka ita ce kada faɗuwar ta wuce psi 3 ga mota guda, ko psi 4 ga kai da bodin tirela. Motocin Turai da na Sin galibi "bar" aka rubuta a agogonsu. Bar 1 daidai yake da psi 14.5, don haka psi 4 bai kai sulusin bar ba.

*Misali na uku.* Allurar tirela ta zauna a psi 105. Bayan minti ɗaya ta koma 96. An cire 96 daga 105, saura 9. Iyaka 4 ce, ke nan zubar ta ninka abin da aka yarda fiye da sau biyu. Sai a kaɗa ruwan sabulu a shafa a mahaɗar kowane tiyo. Inda kumfa ta taso, nan ne ɓarakar.

4. Gyara

Kafin komai, tsaro. A faka a wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, a sa waigi. Jak ɗaga mota ne aikinsa, ba riƙe ta ba, saboda haka a tokare da ƙafar ƙarfe ko katako mai kauri kafin kowa ya shiga ƙarƙashi. Dirom na tayar baya ya kai nauyin buhun siminti, mutum biyu ke sauke shi.

Idan ƙura ce, a wanke da ruwa ko a goge da jiƙaƙƙen tsumma. Kada a hure ta da tiyon iska, ko da yake abin da aka saba gani ke nan a gareji. Wasu lainin, musamman tsofaffi da masu araha, suna ɗauke da asbestos, kuma Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar cewa shaƙar ƙurarsa na jawo ciwon daji a huhu. Ciwon ba ya nuna kansa sai bayan shekaru masu yawa. Yaran gareji, 'yan shekara goma sha, su ake sa wa wannan aiki, su ne kuma fuskarsu ta fi kusa da dirom. Duk maigidan da ke da yara a hannunsa, wannan amana ce a wuyansa.

Idan ƙonewar fuskar lainin kaɗan ce, ana iya goge sheƙin da samfefa a jiƙe. Idan ta yi zurfi, ko lainin ya tsage, ko wani ɓangare ya ɓalle, sai canji. Lainin da ya sha mai ba ya wankuwa, ko da fetur ko da ƙona shi da wuta. Man ya riga ya shige ciki, da ya ji zafi zai sake tsattsafowa. A canza shi, a canza sil ɗin da ya zubo da man.

Ƙa'ida babba a nan: ana canza lainin hagu da dama na layi ɗaya a tare, iri ɗaya. Sabo a gefe, tsoho a gefe, mota za ta riƙa fizga gefe guda a taku mai ƙarfi. A canza sifirin tare da su, domin wanda ya sha zafi ya rasa ƙarfinsa. Wajen saye kuma, ko a Ƙofar Ruwa ko a shagon gari, a nemi mai lamba da sunan kamfani. Araha ba ta ado. Lainin mai tauri fiye da kima kuka yake, yana cin dirom.

Dirom ma ana duba shi. A jikinsa an rubuta iyakar faɗin da zai iya kaiwa. Idan cinsa ya wuce wannan lamba, ko tsaga ta ratsa shi har baki, ya gama aiki, walda ba ta ceto shi.

Giris kuwa a nonon giris na kam da na ajasta ake sa shi, daidai gwargwado. Ko ɗigo kada ya taɓa lainin. Akwai masu shafa baƙin mai a dirom don ƙara ta mutu. Tana mutuwa kam, tare da birkin.

Saita ajasta ta hannu haka ake yi: tanki cike, waigi a ƙasa, birkin fakin a sake. A murɗa notin ajasta har shu su kama dirom, sannan a dawo da shi rubu'in zagaye zuwa rabi. A ƙwanƙwasa dirom da sifana. Idan ya yi amo mai tsawo, shu sun sake shi. Idan amon ya mutu, "ɗif", suna taɓawa, a ɗan ƙara sassautawa. Amma akwai ajasta mai saita kanta. Ita ba a yi mata wannan kullum. Idan ta bar birki ya saki, akwai matsala, a kai wa bakanike.

Abubuwa biyu haramun ne ga mai koyo. Na ɗaya, buɗe bayan cemba mai hawa biyu. A cikinta akwai matsattsen sifirin na birkin fakin, wanda ƙarfinsa ya isa ya hallaka mutum idan ya fallo. Gaba ɗaya ake canza ta. Na biyu, toshe tiyon tayar da ke damu don a kashe birkinta a ci gaba da tafiya. Mai yin haka ya rage wa motarsa ƙarfin tsayawa, kuma zai bi da ita ta tsakiyar kasuwannin bakin titi, inda mata da yara ke tsallakawa.

Bayan gyara, a gwada motar babu kaya, a taka a hankali sau da yawa don sabon lainin ya zauna. A sake ɗaure notin taya kafin ta ci kilomita 100.

5. Hana ƙarar dawowa

A gangarorin duwatsun Riruwai da sauran irinsu, a sa ƙaramar giya tun kafin a fara sauka, a bar inji ya riƙe mota, birki ya zama mataimaki. Kada a watsa ruwan sanyi a dirom mai zafi, tsagewa yake yi. A bar shi ya huce da kansa. A tsiyaye ruwan tankin iska kullum da an tashi aiki. Idan fitila ko ƙararrawar ƙarancin iska ta kunnu, wadda kan tashi a wajen psi 60, a tsaya tun kafin birkin fakin ya kama da kansa a tsakiyar titi.

Tambayoyin bita

1. Jera sassan da aikin birki ke bi daga kwamfiresa har zuwa dirom.
2. Mota ta yi kuka a taku biyu da safe bayan ruwan dare, ta daina. Mene ne dalili? Akwai buƙatar gyara?
3. Ta yaya za a bambance ƙarar boris da ƙarar birki?
4. Me sanyin dirom ke nufi bayan doguwar tafiya da kaya?
5. Nauyin mota bai canza ba, amma gudunta ya tashi daga kilomita 20 zuwa 40 a awa. Sau nawa zafin birki zai ninka?
6. Allurar tifa ta sauko daga psi 110 zuwa 108 cikin minti ɗaya. Ta ci gwajin ko ta faɗi? Nuna lissafinka.
7. An auna lainin hagu milimita 5, na dama milimita 11. Wanne za a canza? Me kuma ya kamata a bincika kafin a rufe?
8. Kawo dalilai biyu da suka sa bai dace a hure ƙurar dirom da iska ba.
9. Waɗanne ayyuka biyu aka hana mai koyo yi, kuma don me?

Aikin gida: Ku je garejin manyan motoci ko tashar da ta fi kusa da ku, a Kiru ko Bebeji ko Tudun Wada ko Doguwa. Ku nemi izinin maigidan wurin ya nuna muku tsohon lainin da sabo, ku auna kaurin kowanne da rula, ku rubuta. Ku tambaye shi irin ƙarar da aka fi kawo masa da rani da wadda aka fi kawowa da damina, ku zo da amsar aji na gaba.